Alhamis Ɗin da Torgny Bai Fita Ba

Ni ce yayar Torgny Vikdahl, shekara huɗu na ba shi, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da hurumin faɗa. Sunana Gunvor. Shekara talatin ke nan ina tsaye a rumfar filin ƙwallon Askvik ina zuba wa mutane gahawa ina miƙa musu burodin kirfa, kuma duk Alhamis ni ke kai wa 'yan wasa fulas ɗakin taro. Ba wanda ke lura da mai zuba gahawa a ɗaki, shi ya sa na san abubuwan da ko shugaban ƙungiya bai sani ba.

Torgny ya fara buga wa manyan Askvik yana ɗan shekara goma sha bakwai, ɗan wasan tsakiya, siriri kamar sandar tsintsiya. Da safe yana masana'antar takarda tare da babanmu, da yamma yana fili. Bayan shekara uku wata babbar ƙungiya ta kudu ta ɗauke shi, ya yi musu shekara biyar a babban rukuni, daga can ya wuce Beljiyam, inda ya shekara shida ba shi da wani aiki sai ƙwallo. Sau biyu ya sa rigar ƙasa. Ranar farkon, garin nan kaf yana gaban talabijin, ko kare ba ka gani a titi. Washegari abokan aikin babanmu suka ce masa yaron ya yi ƙoƙari, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai su goma sha ɗaya ne a filin. Ni kuwa na ga lokacin da aka tashi wasan ya shige rumbun itace, ya fi rabin awa a ciki, ya fito idanunsa jawur ya ce wai ƙura ce. Haka mutanen Askvik suke. Ka yaba ɗan maƙwabci, ba laifi. Ka yaba naka, to ka ɗauki kanka wani ne, kuma a garin nan wannan ya fi zagi muni.

Gwiwar hagu ce ta raba shi da buga ƙwallo yana da shekara talatin da ɗaya. Bazarar nan ya shigo gari da wata jar mota mai buɗaɗɗen sama. Babu wanda ya zage shi, mu ba ma zagi. Sai dai duk inda ya zauna a tambaye shi cikin ladabi ko har yanzu gahawarmu tana shiga bakinsa, ko kuwa sai ta can. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka sunansa ya koma Ɗan Beljiyam, jar motar kuma ta ɓace, ya koma tuƙa wata toka-toka irin ta kowa. Tun daga nan ƙanena ya koyi sunkuyar da kai, kuma ya iya har ya wuce misali.

Daga nan ya shiga aikin koci. Shekara takwas ya yi a kudu yana horar da maza. Wata ƙungiya ya ɗaga ta daga rukuni na uku zuwa na biyu, wata kuma ta sallame shi bayan an doke su sau shida a jere, suka haɗa masa da furanni don kada ya ji haushi. Ya dawo Askvik riƙe da hannun 'yarsa Ylva mai shekara tara, bayan sun rabu da mahaifiyarta, ya karɓi ƙungiyar mata a lokacin da ba mai so. Ya same su a rukuni na biyar, ba su cika goma sha huɗu ba, ana ba su fili bayan maza da yara sun gama turmuje shi. Cikin shekara goma sha ɗaya ya kai su na uku, kuma a kakar da nake ba ku labari saura wasa ɗaya mu shiga na biyu. Ko maza ba su taɓa kaiwa nan ba, kuma ni ba na jin kunyar faɗa, tunda ba ni na buga ba.

Yana da tsarinsa. A Beljiyam, in ji shi, koci yakan manna sunayen 'yan wasa a bango ne ya wuce, wanda bai ga sunansa ba ya je ya yi kukansa a gida. Torgny ya tsani wannan. Shi duk Alhamis bayan atisaye sai a tattara ɗakin taro, kowa ta cire takalmi a bakin ƙofa, a zauna zagaye da dogon tebur, ni kuma in bi ina zuba gahawa. Ya zana fili a allo, ya ɗauko gurbi ɗaya bayan ɗaya, ya ji ta bakin kowa, tun daga kyaftin har zuwa wadda ta zo jiya. Ba a tashi sai an yi matsaya guda. Wani lokaci a yi awa biyu kan wa za ta tsaya a bayan hagu, har gahawar ta huce, amma abin yana aiki, don babu wadda ke fita fili tana jin an zalunce ta.

Matsalar ta fara ne da Ylva ta cika shekara ashirin aka ɗago ta cikin manya. Tun ba a fara kaka ba, a taron shekara-shekara na mambobi, Torgny ya miƙe da takarda a hannu ya kawo ƙuduri. Ya ce kamar yadda ake yi a majalisar gari, duk wanda magana ta shafi danginsa ya fita daga ɗaki har a gama, haka shi ma bai kamata ya sa baki a gurbin da 'yarsa ke nema ba. Kowa ya ɗaga hannu. Sixten, shugaban ƙungiya, tsohon direban motar katako, ya buga guduma a tebur, aka rubuta ta zama ƙa'ida ta bakwai. Mutane suka fita suna cewa wannan shi ne mutumin kirki. Ni ma na ɗaga hannu a ranar, kuma har yau ina jin haushin hannun nan.

Gurbin da Ylva ke nema shi ne na mai lamba tara, 'yar wasan gaba. Mai riƙe da shi kuwa Josefin ce, kyaftin, shekararta talatin da biyu, shekara goma sha biyu tana bugawa, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma rabin 'yan ƙungiyar ita ta koya musu ɗaure takalmi. To duk Alhamis idan aka zo kan lamba tara, sai Torgny ya miƙe, ya ɗauki kofinsa, ya fita baranda ya ja ƙofa. Tuva mai tsaron raga ce ke karɓar jagoranci.

Abin da ke faruwa bayan ya fita, ni na gani da idona sau ashirin da ɗaya. Tuva takan tambaya ko akwai mai magana. Sai ɗaki ya yi tsit, kowa ta zuba ido cikin kofinta kamar an rubuta amsar a ciki. Can sai wata ta ce ai Josefin ta yi ƙoƙari makon jiya. Wata ta ce ƙwarai. A juya ga Josefin, ta ce ita duk yadda ƙungiya ta gani. A juya ga Ylva, ita ma ta ce duk yadda ƙungiya ta gani. Babu mai son ta zama wadda ta fara cewa a ajiye kyaftin, babu kuma mai son a ce tana neman shiga wajen koci. Cikin minti biyu an gama. Sai su ƙara zama na minti biyar shiru, don kada ya ga kamar ba a tattauna ba, sannan a buɗe masa ƙofa. Ya tambaya ko an yi matsaya, Tuva ta ce Josefin, ya gyaɗa kai ya rubuta a allo, ko gira ba ya motsawa.

Ko canji a fili ba ya yi da kansa idan ya shafi gurbin nan. Sai Josefin ta ɗaga hannu ta ce ta gaji sannan Ylva ke shiga, yawanci saura minti goma. A 'yan mintocin nan yarinyar ta ci ƙwallo tara a kakar. Josefin mai buga minti tamanin ta ci shida. Duk garin ya iya wannan lissafi, kuma duk garin ya kama bakinsa.

Ranar Talata kafin wasan ƙarshe, Ylva ta zo gidana da rana ta taya ni murza ƙullun burodi. Doguwa ce kamar ubanta, ba ta da yawan magana kamar ubanta, sai dai ita idan ranta ya ɓaci kunnuwanta ke yin ja. Muna cikin aiki, ba tare da ta ɗago ba, ta ce bayan wasan Lahadi ta daina ƙwallo.

Na ce mata kada ta yi mini wasa da hankali da ƙullu a hannuna.

"Ba wasa nake ba, Gwaggo. Na yi tunani. Mutumin da ya buga a Beljiyam ya san 'yar wasa idan ya gan ta. Da na isa, da ya faɗa ko sau ɗaya. Fitar nan da yake yi, don kada ya faɗa mini a fuska ne cewa ban kai ba."

Na ce ai ƙa'ida ce.

"Shi ya rubuta ta," in ji ta. "Kuma kada ki gaya masa."

Na ce ba zan gaya masa ba. Washegari da hantsi na sa rigar sanyi na tafi na gaya masa.

Na same shi a fili shi kaɗai yana kwashe ganyen da iska ta zubo a bakin raga, aikin da ba nasa ba, amma ba ya iya ganin ganye a ciyawarsa. Na tsaya a kansa na zayyana masa abin da 'yarsa ta ce, kalma bayan kalma. Ya ci gaba da jan manjagara na ɗan lokaci, sannan ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma 'yan wasa ne ke zaɓa, shi ba ya ciki. Ya ce in ya sa baki yau, gobe a kantin gari za a ce Ɗan Beljiyam ya ture Josefin ya sa 'yarsa, kuma yarinyar ce za ta sha maganar, ba shi ba.

Na ce, "Bar mini zancen kanti. Tsakanin su biyun wa ta fi?"

"Kin sani."

"Ni mai gahawa ce, me na sani? Kai ne ka sa rigar ƙasa. Buɗe baki ka faɗa."

Ya jingina da manjagarar, ya kalli can ƙarshen fili. Da ya fara magana kuwa sai ga wani Torgny da na daɗe ban gani ba. Ya ce kafin ƙwallo ta iso ta, yarinyar ta riga ta waiga sau biyu ta san inda kowa yake. Ya ce tana gudu ne zuwa inda fili zai buɗe, ba inda ya buɗe ba, kuma wannan ba a koyar da shi, ya gwada koya wa ƙarti shekara takwas ya kasa. Ya ce a duk rayuwarsa mutum biyu ya gani da wannan idon, dukansu a Beljiyam, ita ce ta uku. Yana gama faɗa ya ɗan juya mini baya.

Na tambaye shi ko ya taɓa gaya mata. Ya ce ba a yin haka.

Raina ya ɓaci sosai, don na ji muryar babanmu a bakinsa. Na ce to bari in ba shi labarin tattaunawar da yake taƙama da ita. Na kwaikwayi Tuva, na kwaikwayi shirun, na kwaikwayi kallon cikin kofi, har da zaman minti biyar da ake yi don a rufe masa ido. Ashe bai sani ba. Duk watannin nan yana tsaye a baranda yana zaton ana can ana fafatawa, ana auna gudun wannan da ƙwarewar waccan, kuma mata goma sha takwas sun duba sun ga abin da shi son 'ya ya hana shi gani. Har ya fara shakkar idonsa.

Na ce masa, "Ba adalci kake yi ba, Torgny, tsoro kake ji. Ka bar wa 'yan mata aikin da ya fi ƙarfinsu ka gudu baranda da kofinka. A ɗakin nan kai kaɗai ne aikinka ya ce ka faɗi gaskiya ko da za a ji zafi, kuma kai kaɗai ne ke fita."

 Na juya na tafi ina huci, na bar shi da ganyensa. A hanya na ji tausayinsa, amma ban koma ba.

Ranar Alhamis duhu ya riga ya shiga tun ƙarfe biyar, kamar yadda yake yi a ƙarshen Oktoba. Suka shigo daga atisaye hancinsu jawur, takalma suka taru a bakin ƙofa. Saboda girman wasan, Sixten ma ya zo ya zauna a lungu da hularsa a gwiwa. Ƙungiyar Kvarnö za mu karɓa a gida, kuma kunnen doki ba zai fisshe mu ba, sai mun ci. Aka bi gurabe ɗaya bayan ɗaya, ina zagayawa da fulas. Da aka zo lamba tara, Torgny ya ajiye alli, ya ɗauki kofinsa, ya nufi ƙofa. Na ji kamar in jefe shi da murfin fulas. Ylva ta sunkuyar da kai.

Ya kama hannun ƙofar, ya tsaya. Ya daɗe a haka, har Tuva da ta buɗe baki za ta fara ta rufe. Sai ya saki, ya juyo, ya dawo ya ajiye kofin a tebur.

"Yau ba zan fita ba," in ji shi.

Sixten ya yi gyaran murya daga lungu. "Torgny, ƙa'ida ta bakwai."

"Na san ta, ni na rubuta." Ya dubi Josefin kai tsaye. "Josefin, shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa samun kyaftin kamarki ba, kuma ba don ke ba da ba mu zo nan ba. Amma bana ƙafarki ta yi nauyi. Lamba tara ranar Lahadi Ylva ce. Ba ina tambayar ra'ayi ba ne, yau faɗa nake yi. Ita ce 'yar wasan gaba mafi kyau da na taɓa horarwa, mace ko namiji, kuma tun watan Mayu ya kamata in faɗa. Tsoron bakin mutane ne ya hana ni, na bar muku kayan da nawa ne."

 A Askvik mutum ya ce 'yarsa ta fi kowa, a gaban shugaban ƙungiya, da bakinsa! Wata daga cikin 'yan baya har ta ƙware da gahawa. Ylva kuwa ta ƙura wa tebur ido, kunnuwanta kamar an shafa musu jan barkono. 

Josefin ce ta fara motsi. Ta ja kujera baya, ta ɗora ƙafarta ta dama a kan benci, ta zare safa. Idon sawun ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi kamar an cusa ƙwai a ciki.

"Tun watan Yuni nake jiran wani mai zuciya ya faɗi wannan maganar," in ji ta. "Ku duba nan. Kullum na ce duk yadda ƙungiya ta gani, sai ku sake zaɓa ta, kamar masu jin haushina. In na ce a cire ni ku ce na yi fushi, in na yi shiru ku tura ni gudun minti tamanin. Ke kuma Tuva, da wannan jagorancin naki gara a ba tulun gahawa."

Dariya ta ɓarke, irin wadda ake yi bayan an daɗe ana riƙe numfashi. Tuva ta ce ita raga aka ɗauke ta ta tsare, ba majalisa ba. Wata ta ce ita tun Afrilu take son ta faɗa, sauran suka ce mata ƙarya take, ta ci burodi ta yi shiru.

Torgny bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, sannan ya juya ga Sixten ya ce wasan Lahadi shi ne na ƙarshensa a matsayin koci. Ya ce mambobi ne suka ɗaga hannu suka kafa ƙa'idar, shi kuma ya taka ta da gangan, don haka ba zai iya tsayawa gaban 'yan wasa badi yana ce musu su bi doka ba. Kuma muddin Ylva na bugawa, ƙungiyar tana bukatar kocin da zai iya cire ta ko ya sa ta ba tare da kowa ya yi ƙus-ƙus ba.

Sixten ya murza hularsa ya ce ai babu wanda ya nemi ya sauka.

"Na sani," in ji Torgny. "A garin nan babu mai neman komai da baki, shi ya kawo mu nan."

Ya ɗauki alli ya rubuta sunan Ylva a allo, da manyan baƙi, hannunsa bai karkace ba. Ni dai na koma kicin na buɗe famfo, na tsaya ina wanke kofi ɗaya har sau uku. Shekara goma sha ɗaya ya gina ƙungiyar nan da hannunsa, kuma ga shi zai bar ta a daidai ranar da za ta kai inda ya yi mafarki. Na ji ciwon haka, kuma ban taɓa alfahari da shi kamar a lokacin ba.

Kafin Asabar labari ya game gari, kuma yadda ya yi hasashe haka aka yi. A kanti na ji wata tana cewa wai ashe halin Beljiyam bai bar shi ba. Na juya na tambaye ta ko tana da abin faɗa mini, ta ce ita farashin man shanu take dubawa.

Ranar Lahadi sanyi ya sauko har ciyawa ta yi fari-fari da safe, amma mutum ɗari tara suka shigo, a garin da bai cika dubu huɗu ba. Burodina ya ƙare tun kafin a busa. Da mai sanarwa ya karanta sunaye ya zo kan lamba tara, tafin da aka yi na ladabi ne, irin na mu gani tukuna.

A minti na goma sha biyu aka sako mata ƙwallo daga dama, ita da mai tsaron raga kawai, tazarar da ko ni zan iya ci. Ta ɗaga ta sama da raga, har ta faɗa bayan rumfata. Na ji gunaguni ya bi layin 'yan kallo, ƙasa-ƙasa, na ji wani tsoho a gabana yana cewa to ga 'yar koci nan.  Na kalli Torgny. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana tsayawa a bakin layi hannu a aljihu kamar mai jiran bas, sai ga shi ya tako har kan farin layi, ya haɗa hannu a baki ya ɗaga murya yadda duk filin ya ji.

"Gurin ya yi daidai, Ylva! Sake zuwa can!"

Ta ɗaga masa hannu ba ta waigo ba. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. 'Yan Kvarnö manya ne, kuma sun fi mu riƙe ƙwallo, ba don Tuva ba da sun zuba mana biyu. Ylva ta sha shuri, ta sha ture, gwiwoyinta duk laka, ta ci gaba da komawa inda ya ce.

A minti na sittin da ɗaya 'yar bayanmu ta doko wata ƙwallo ba da wata niyya ba, don dai ta rabu da ita. 'Yan bayan Kvarnö biyu suka tsaya kowa tana jiran 'yar'uwarta. Ylva ta riga ta taso tun ƙwallon na sama, ta ratsa tsakaninsu, ta tare da ƙirji, ta bar ta ta faɗi sau ɗaya, ta zabga da hagu can ƙasan kusurwa. Raga ta motsa. Ban san lokacin da na fito daga rumfa da fulas a hannu ba. Tsohon nan na gabana ya rungume ni yana cewa shi dama ya sani. Rabin awar da ta rage ban kalla ba, na juya baya ina goge teburin da ba shi da datti, sai ihun mutane ke gaya mini Tuva ta sake kamawa. Da alƙali ya busa tashi, ɗaya da nema, Josefin ce ta fara isa fili daga benci tana ɗingishi tana kuka.

A wajenmu duk wanda zai bar ƙungiya ana sallamarsa a tsakiyar fili da furanni. Sixten ya fito da dami a hannu da lasifika, ya karanto tarihin daga takarda: shekara uku a Askvik, biyar a babban rukuni, shida a waje, rigar ƙasa sau biyu, shekara goma sha tara yana koci, ya ɗauki matan Askvik daga rukuni na biyar ya ajiye su a na biyu. Ban taɓa jin an jera su haka a bainar jama'a ba, kuma na ga mutane suna kallon juna kamar yau suka fara jin labarin. Aka yi tafi mai tsawo, na gaske wannan karon. Ya miƙa wa Torgny lasifikar. Ƙanena ya gode wa 'yan wasa, ya gode wa masu yanke ciyawa da masu wankin riguna, ya gode wa mai gahawa bai kira sunana ba, ya mayar da lasifikar da sauri kamar tana ƙona shi.

Mutane suka fara watsewa. Ina tsaye kusa da shi ina riƙe masa furannin, don bai san yadda zai yi da su ba, sai ga Ylva ta taho, laka har wuya, an yafa mata bargo. Tun Alhamis ba su yi wata magana ba, na sani, don na tambayi kowannensu. Ta tsaya a gabansa. Ya kalle ta, ta kalli takalminta.

"Baba," in ji ta, "sabuwar kaka, yaushe za a fara atisaye?"

 Ya share hanci da bayan safar hannu.

"Ban sani ba. Ni yanzu ba koci ba ne," ya ce. "Amma ki tambayo, ni zan riƙa kai ki."